Kofi Biyu a Hanyar Kamarawa

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar wata Asabar, bayan an gama yankan gero, aka zauna a kaina a tsakar gidana da ke Sabon Birni. Mu uku ne a wurin: ni, da ɗana na fari wanda ba ni faɗin sunanshi, kuna ce mishi Babangida, sai ɗiyata Kulu. Mijin Kulu ya zo, amma yana zaure, don tun da ya auri ɗiyata bai taɓa ƙetare zaure ba in ina tsakar gida. Na fara da faɗin waɗanda ke wurin ne saboda labarin wannan shekara ya yi yawo a bakin mutane, kowa ya ƙara mishi gishiri, har waɗanda ba su nan suna rantsuwa a kanshi. Ku 'ya'yana da jikokina, ga yadda aka yi, bi da bi.

Babangida bai hau tabarma ba, tsugunawa ya yi, alamar ba doguwar magana ya kawo ba. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙafa, ya tambayi barci, sannan ya dubi ƙasa.

"Inna, mun yi shawara. Bana ba ki zuwa Kamarawa."

Na tambaye shi shi da wa suka yi shawarar. Ya ce da ƙannenshi duka, har na Sakkwato an yi waya da su. Na dubi Kulu, ta shiga gyaran bakin gyalenta da bai lalace ba.

Ku da kuka taso kuka iske ina zuwa Kamarawa duk kaka kuna ɗauka yawo ne. Ba yawo ba ne. Uwarmu ta rasu a Gangara ina tatata. Yayata Tumba ce ta goya ni, kuma da aka zo kai ta gidan miji a Kamarawa, can bayan Isa, ta ce ba ta tafiya sai da ni. A ɗakinta na yi wayo, ita ta koya mini daka da dafa kalwa, ita ta aurar da ni. Har yau, da furfurata da jikokina, Auta take ce mini. Yanzu idonta ya tafi, ƙafa ta ƙi, ko ƙofar gida ba ta fita. An sha kara mata waya a kunne, ta saurara kaɗan ta ture, ta ce muryar cikin waya ba ta da hannu. Ita sai ta shafa fuskar mutum take yarda ya zo. To in ban je ba, mun rabu ke nan sai a lahira. Wannan ne abin da aka zo hana ni a safiyar nan.

Ban ce ba su da hujja ba. Ina da ciwon suga, ina da hawan jini, gwiwata ta hagu kuma ba kullum take jin magana ba. Sannan ga abin da ya sami aminiyata Hajiya Dije ba da jimawa ba. An tafi da ita biki wajen Isa, ta yanke jiki cikin mota, aka kai ta asibiti ba ta san wanda ke kanta ba. Allah ya yi da sauran kwana ta farfaɗo, amma 'ya'yanta sun ce ita da mota har abada. Sa'ata ce, ciwonmu ɗaya. Babangida ya ce ba za su zauna suna jiran a yi musu irin wannan waya ba.

Na ce na ji. Na ce amma ubanku, Allah ya jiƙanshi, bai taɓa yanke magana bai ji ta bakin kowa ba. Ku kun ga faɗuwa, ba ku tambayi abin da ya ka da ita ba. Na nemi su ba ni zuwa a gama yankan dawa. In na bincika na iske mota ce ke ka da mai suga, ni da kaina za ni rataye jakata.

Na fara da Dije. Na iske ta zaune bakin gado, jiki ya dawo, sai dai idonta ya yi irin na wadda aka tsare. Tun muna amare take ce mini Alƙaliya, wai komai sai na bi diddiginshi.

"Alƙaliya, dubiya kinka zo ko tuhuma?"

"Duka biyu. Mi kinka ci ran nan?"

Ta ce ba ta ci komai ba. Ta sha ƙwayar suga bayan asuba kamar kullum, ba a kai ga karin kumallo ba mota ta iso. Na ce ba a ba ta guzuri ba? Ta ce an ba ta, ƙosai ne da zafinshi, yana kan cinyarta tun daga ƙofar gida har inda ta daina sanin kanta. Na ce to me ya hana ta kai hannu?

"Mijin ɗiyata na zaune gaban mota, madubi na kallona. In buɗe baki in tauna ƙosai gaban surukina? Ke kya iya?"

Na ci gaba da tambaya. Ruwa, ta ce ta daina sha tun jajibiri don kada fitsari ya kama ta a hanya ta rasa bakin cewa a tsaya. Ƙwayar hawan jini kuwa da gangan ta bar ta a gida, don ita ce mai sa yawan zagayawa. Na ce in aka maida ita wannan rana fa, yaya za ta yi? Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ta gwammace ta sake faɗuwa, don faɗuwa ƙaddara ce, cin ƙosai gaban suruki kuwa ganganci ne.

Ku yaran yanzu kuna iya dariya. Ni ban yi ba, don da ni ce cikin motar nan da abin da za ni yi ke nan. Haka aka tashe mu. Suruki ba a ci gabanshi, ba a kiran sunanshi, ba a haɗa ido da shi. In kun yi kiciɓis a hanya, ɗaya ya ratse. Kuma ni ba mai bin wannan kaɗai ba ce, ni ce mai koyar da shi. Duk amaryar da za a kai ɗaki a unguwarmu, ni ake aikowa in je in zaunar da ita in yi mata faɗa: yadda za ta gaida uwar miji, inda za ta zauna, abin da ba a yi gaban manya. Tun ina da ƙarfina nake riƙe da wannan aiki, kuma ina jin daɗinshi, ba ni ɓoyewa.

Daga gidan Dije sai asibiti, wurin malamar da ke auna mu duk wata, sa'ar Kulu ce, mai haƙuri da tambaya. Na jera mata abin da Dije ta faɗa ba tare da na ambaci suna ba. Ta ce ƙwayar suga aikinta rage suga, ba ta san ko mutum ya ci ko bai ci ba. In ta iske ciki wayam sai ta yi ta ragewa har ya wuce ƙa'ida, jiki ya ɗauki rawa, zufa ta keto, ido ya yi duhu. Ta ce in haka ta taso a yi maza a sa abu mai zaƙi a baki, amma wannan taimakon gaggawa ne kawai, dole abinci ya biyo baya. Ta ce ƙishirwa cikin zafin mota tana jigata tsoho fiye da yadda yake zato, barin ƙwayar hawan jini kuma gayyato wata fitina ce daban. Na tambaye ta kai tsaye ko mai irin ciwona yana iya tafiya.

"Hajiya, in awonki ya yi kyau ko Makka kina iya komawa. Amma ki ci kan lokaci, ki sha, ki sauka ki miƙe ƙafa. Wanda ya ja ki kuma ya san abin da ke damunki."

Na dawo gida ina juya maganar. Rashin ci, rashin sha, barin magani: su suka ka da Dije, kuma dukansu uwarsu ɗaya, kunya. Mota ba ta cikin masu laifi. Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Motar da 'ya'yana za su yarda in shiga ɗaya ce tak, ta mijin Kulu, don shi direban haya ne a wannan hanya, mai natsuwa, ba shi gudu, ya san kowane rami. Wato dai zaman da Dije ta yi shi za ni yi. Na kwana na tashi da abin, har na samu dabara. Za ni karya kumallo sosai kafin in sha ƙwaya. Mu tashi da hantsi. In mun isa Isa, ya tsaya ƙofar gidan wata 'yar uwarmu, shi ya tafi wai duba taya, ni in shiga in ci, in sha, in zagaya. Ta haka lafiya ta samu, kunya ba ta zube ba. Na ji daɗin dabarar nan ƙwarai, har na ga kamar Dije rashin tsari ne kawai ya cuce ta.

Na kira Babangida da Kulu na shimfiɗa musu komai daga farko zuwa ƙarshe. Babangida ne ya amsa.

"Na yarda, Inna. Amma ko jiri kinka yi a hanya, shi ke nan, ba mu sake wagga magana."

"Na ɗauka."

Ana gobe tafiya na je aka auna ni, jini da suga duk suka yi daidai. Magunguna na sa su cikin 'yar jaka na rataya a wuya ƙarƙashin hijabi, ban yarda a haɗa su da kaya a bayan mota ba, inda rana ke dafa su, kuma inda ba ka kai hannu sai an sauke buhu. Na ƙulle dabino a bakin zane. Na dama fura da nono ba suga na zuba a flas, na cika gora da ruwa. Na bar silifa na sa takalmi mai rufi, don ƙafar mai suga ba ta son ƙaya. Na zaunar da Kulu na gaya mata alamomin, na sa ta maimaita. Ta ce Inna ai ta ji, na ce ji daban, maimaitawa daban. Tsarabar Yaya kuwa ba ta canzawa: daddawa ta hannuna, da kuka, da man shanu.

Da hantsi muka tashi, kamar yadda kowa ke yi yanzu tun da hanya ta zama abin da ta zama, ba a sammako, ba a yamma. Har mun ɗaga sai ga Ladi dillaliya da ƙullin kayanta, ta ce a rage mata hanya zuwa Isa. Ba a hana maƙwabci. Ta shiga gaba, ni da Kulu muna baya. A cikin motar nan magana ta bakin Kulu take bi. In ce, "Kulu, gaya wa mai mota iska ta yi yawa." Shi kuma, yana jina sarai, ya jira sai Kulu ta maimaita, sannan ya ce, "Ce ma Inna an rage." Haka muka saba, ba wanda ya ga abin dariya a ciki sai Ladi, ita ma a ciki ta yi abinta.

Tafiya ta yi daɗi. Dawa ta nuna ko'ina, ana ta yanka, amalanke na wucewa da dammuna. Na sha ruwa ta ƙarƙashin hijabi, ina motsa yatsun ƙafa kamar yadda malama ta ce. Har na fara shirya abin da za ni gaya wa Dije in na dawo.

Ba mu kai Isa ba muka iske layin motoci. Ruwan damina ya cinye wani kwalbati, an yi ratse ta cikin rairayi, wata babbar mota mai kaya kuma ta kafe a tsakiyar ratsen. Mutanen ƙauyen wurin suna tura motoci ɗaya bayan ɗaya ta gefenta. Layin ba a tsaye yake ba, ba kuma tafiya yake ba, jan ciki yake. Direban da ya fita, na bayanshi ya shige gabanshi, kuma ba wanda ke son la'asar ta iske shi a wannan wuri. Babu gida kusa, babu inuwa sai ta ƙaya. Rana ta take tsaka. Lokacin da na tsara ina zaune cikin ɗaki a Isa da kwano gabana, ya zo ya wuce muna nan.

Na fara jin abin a yatsun hannu, wata 'yar rawa kamar ta mai jin sanyi. Sannan zufa a ƙeya, ba irin ta zafi ba. Na kwance dabino na sa a baki ta ƙarƙashin hijabi, ina tsotsa ba tauna. Rawar ta lafa. Amma na san abin da malama ta ce, dabino aron lokaci ne. Fura kuwa ba ta ɓoyuwa: sai an girgiza, an buɗe, an tsiyaya, an ɗaga kai. Kulu ta ga hannuna. Ta matso ta raɗa mini cewa bari ta tare ni da gyalenta tsakanin kujeru, in sha ba mai gani.

Ku lura da kyau a nan, don nan ne masu ba da labari ke tsallakewa. Gyalen Kulu ya ishe ni. Da na karɓa, da na sha furata a rufe, da Ladi ba ta samu abin ɗauka ba, da har yau ni ake kira gidan biki. Amma sa'ad da Kulu ke warware gyalen, idona ya faɗa kan madubi, ni da ba ni kallonshi. Na ga fuskar mijinta. Leɓenshi ya bushe ya yi fari, hannu ɗaya kan sitiyari, ɗayan yana danne da ƙasan ƙirjinshi. Na tambayi Kulu a hankali. Ta ce olsa ce ta motsa. Tun da sassafe ya tafi wurin bakanike a sake duba motar saboda ni za a ɗauka, bai karya ba, ya ce in an isa Isa ya ci a wurin masu taya. Abincinshi na nan ƙarƙashin kujera. Ashe dabarata da tashi dabarar duk a Isa muka ajiye su. Na ce ta gaya mishi ya ci. Ta ce Inna, ko bango aka gina tsakaninku ba gyale ba, ba shi ci kina cikin motar nan.

Na dubi gaba. Saura motoci kaɗan a zo kanmu, ga gangara, ga rairayi, ga babbar mota a kafe a gefe. Rai huɗu a hannun mutumin da ciki ke murɗa, kuma saboda ni. Na tuna ƙosan Dije yana hucewa kan cinyarta. Abin da na gane a wurin, wanda ban taɓa gaya wa wata amarya ba don ni ma ban san shi ba, shi ne irin wannan kunya ƙarami ba shi da ikon ɗage ta. Ko mutuwa zai yi ba shi farawa. Babba ne kaɗai ke iya ɗagewa, kuma shi zai ɗauki abin da ya biyo baya.

Na ce wa Kulu ta maida gyalenta. Na girgiza flas. Na tsiyaya a murfinshi, na tsiyaya a ɗan kofina na tangaran da ba ni tafiya sai da shi. Na miƙa murfin ta saman kujera.

"Karɓi. Da kai nike, ba da Kulu ba."

Bai juyo ba. Wuyanshi ya sandare. Ya ce, "Inna."

"Za ni sha nawa yanzu, ga madubi nan. In ba ka sha naka ba, ka bar ni cikin kunya ni ɗai."

Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya kau da fuska wajen taga, ya yi bismilla ya sha. Ni ma na ɗaga hijabi na sha, ban yi sauri ba, ban ɓoye ba. Na ƙara mishi, na ƙara wa kaina. Na sa Kulu ta jawo mishi abincinshi ya ci 'yan lomomi kafin layi ya motsa. Ba wanda ya yi magana sai Ladi.

"Hajiya, ashe zamani ya iso har gidanku."

"Ba zamani na ba, azahar ta. In kina sha, miƙo hannu."

Ta ce ta ƙoshi.

Da aka zo kanmu, ya saki motar cikin rairayi da hannu biyu a kan sitiyari, ta yi tangal-tangal ta haye. Bayan mun hau kwalta, gida na farko da na gani a bakin hanya na ce mishi, da bakina, ya tsaya za ni kama ruwa. Na yi mamakin yadda maganar ta fita ba nauyi. Matar gidan ta ba ni buta, ta shimfiɗa mini tabarma na yi salla, na ɗan taka a tsakar gidanta har gwiwa ta saki. Muka sauke Ladi a Isa. Ko jiri ban yi ba, Kulu shaida ce, kuma ita ta gaya wa yayanta haka a waya tun kafin mu isa.

Mun shiga Kamarawa rana na da sauran ƙarfi. Yaya Tumba na zaune inda na bar ta bara, jingine da bangon ɗakinta, da carbi. Ta ji takuna ta ce wannan jan ƙafar na Auta ne. Ban bari wani ya riga ni ba. Bayan gaisuwa, tun ban kwance tsaraba ba, na gaya mata abin da na yi a hanya, duka, don ita ta koya mini kunyar, ita ta fi cancanta ta fara ji. Ta ci gaba da jan carbinta.

"Gabanshi kinka sha?"

"Gabanshi, Yaya."

"Kin zubar muna da mutunci, Auta. Uwarmu ko tari ba ta yi gaban suruki."

Na ce haka ne. Sannan ta ajiye carbi ta miƙo hannuwa biyu, ta ce in matso. Ta shafa goshina, ta shafa kumatu, ta ce na rame, ta ce haƙorin nan na gefe ya tafi ashe. Ta riƙe fuskata ta ƙi saki.

"In sai an zubar da shi kike isowa, baɗi ma ki zubar."

Kafin in dawo Sabon Birni labari ya riga ni. A bakin Ladi kofi biyu ne, na ba ta wannan, ba ta yi ƙarya ba. Amma kafin ya zagaya unguwa ya zama ƙwarya ɗaya, kafin ya kai bakin kasuwa ya zama ludayi ɗaya muna karɓa-karɓa muna dariya. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa mini kai. Biki na farko da aka yi bayan nan ba a aiko mini ba. Na ce mantuwa ce. Na biyu, uwar amarya ta zo da kanta har ɗaki, ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce sun ga jikina ba ya son hayaniya, sun hutar da ni. Na ce Allah ya sa albarka, na ba ta gudummawata. Tun daga ranar ban sake zaunar da amarya ba. Ya yi mini ciwo, kada wani ya ce muku bai yi ba. Ranar da ake kai amarya ina jin guɗa daga ɗakina, bakina na motsi da maganganun da na saba faɗa. Amma na auna abin da na bayar da abin da na karɓa, ban ga an cuce ni ba.

Tun daga wannan shekara ban fasa Kamarawa ba. Babangida bai sake tada maganar ba, shi ke tuna mini ranar awo ma. A gida kuwa komai na nan yadda yake: mijin Kulu bai ƙetare zaure, ban kiran sunanshi, in mun haɗu a lungu ya ratse. Kunya ba ta mutu ba, wuri aka nuna mata. In mun hau hanya ne abin ke canzawa. Ba ya jira a ce mishi tsaya. Duk inda ya ga gida da inuwa sai ya ce yana son ya huta, ya fito da abincinshi ya juya baya ya fara ci, ni kuma in ci nawa. Ban taɓa gode mishi ba, bai taɓa jira ba.

Dije tana nan. Ƙafarta ta fi tawa ƙarfi, amma iyakarta ƙofar gida. Tana da ɗiya a Isa da ta haihu har an yaye, ba ta taɓa ganin ɗakin da jikan ke kwana ba. In na je gaishe ta takan ce ga Alƙaliya mai shan fura da suruki, mu yi dariya, sannan ta tambaye ni ko kukar nan ta bakin hanya tana nan, ko an gyara kwalbatin.

To ga abin da nake roƙonku. Duk wanda ya ɗauki tsoho a mota cikinku, ya tambaye shi maganinshi tun a gida, ya tsaya tun ba a roƙe shi ba, kuma kada ya zauna da yunwa don girmama wani. In ku ne kuka tsufa, ku tuna ku ne masu ɗagewa. Kai kuma Babangida, kai ka iya tara 'yan uwa a yanke shawara, na gani da idona. Ka je ka sami 'ya'yan Dije ka karanta musu wannan babi. Bana in an yanke dawa, kujerar baya ta ishe mu ni da ita har Isa, kuma ni za ni riƙe mata ƙosanta. Wanda kuma ya sake ce muku ƙwarya ɗaya ce, ku gyara mishi: kofi biyu ne.